Muryar Baba a Ƙarshen Kaset

Akwai wani kaset na kiɗan rawa da na tsana fiye da ciwon haƙori, kuma har yau in aka sa shi sai na kama ƙafata tana motsi. Wata Baturiya ce ta yi shi tun ina kwalej, da siririyar muryarta da gangunan inji waɗanda ba sa gajiya. Na yi zaton zai wuce kamar yadda yayin wandunanmu na lokacin ya wuce. Ina! Makon jiya na ji shi a kasuwar Guci, yana fita daga wayar wani mai sayar da igiyar shanu. Ɗiyata ta iya shi tun daga farko har ƙarshe, ita da ba ta taɓa riƙe kaset a hannunta ba. A rediyo na ji wani yana ta zuba, wai waƙoƙin nan ba sa tsufa, wai duk duniya ta saya. To, duniya ta saya da kuɗinta. Mu a gidanmu da muryar mahaifina muka biya, kuma ni na kai ta.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Yekuwa. Baba manomi ne, gero da wake, in an gama girbi ya tafi ci-rani kamar sauran maza. Shekarar da na shiga kwalej a Magarya damina ta yi gardama, sai ya ce Kano ba za ta fisshe shi ba, ya bi masu zuwa Libiya. Bai yi boko ba, Inna ma haka. Don haka wasiƙarsu kaset ce. Mutum zai zauna a can gaban rediyo, ya danna jan maɓalli, ya yi ta magana har zare ya ƙare, sannan ya ba mai dawowa gida. Na Baba ya iso ta hannun wani mutumin Dungas, tare da ƙaramin rediyo baƙi mai cin pil, wato batir, guda huɗu, da turmin zane shuɗi.

Gaisuwa a kaset tana da tsari kamar rabon nama. Da Baffa ya fara, yayansa, wanda ya bar wa riƙon gida. Sai liman, sai mai gari, sai maƙwabta gida-gida, ba ya tsallake kowa don kada a yi fushi. Ya tambayi saniya, ya tambayi rumbu, ya tambaya ko an yashe rijiya. Ya cika gefe ɗaya, aka juya, ya shiga kan yara. Ni ma ya yi mini magana, doguwa ma. Na tuna an juyo ana kallona, na tuna na sunkuyar da kai ina zane a ƙasa da tsinke. Abin da ya ce kuwa ban riƙe ba. Nasiha ce, ni kuma ina da shekara goma sha huɗu, ta shiga ta nan ta fita ta can. Matar mutum ita ce ta ƙarshe, kuma ba a kiran sunanta. Da Baba ya iso kanta, Inna ta miƙe ta shige madafa saboda kunya, mata suna yi mata dariya. An saurari kaset ɗin sau uku ko huɗu a tsakar gida, sannan ta naɗe shi a tsohon kallabi ta sa a cikin kwalla.

A kwalej akwai wani ɗan ajinmu, ɗan ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai rediyo baki biyu da ke juye kaset. Shi ya fara kawo kaset ɗin Baturiyar nan. Ranar Asabar da la'asar ƴan birni suna taruwa a farfajiyar gidansu suna rawa, mu ƴan ƙauye muna jingine da bango kamar an aiko mu karɓar saƙo. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kiɗan ya shige ni. Ban san kalma ɗaya a ciki ba, mu Faransanci ake koya mana, amma da gangar farko ta buga sai in ji kamar ni ma wani ne. Na roƙe shi ya juye mini. Ya ce: «Kawo kaset ɗinka, in yi maka.» Ba ni da kaset, ba ni da hanyar saye. Amma na san inda wani yake kwance ba a amfani da shi.

Da aka yi ɗan gajeren bakans, hutun makaranta, na je gida, na buɗe kwallar Inna tana rijiya, na bar mata kallabin a naɗe yadda yake. Abin da na gaya wa kaina shi ne, ai an riga an ji saƙon, kuma kafin shuka Baba zai dawo ya yi ta magana har mu gaji. Wani abu kuma da ban taɓa gaya wa kowa ba: Baba ya ɓalle ƴan kunnuwan nan biyu na saman kaset, waɗanda in an ɓalle su ba a iya ɗaukar komai a kai. Wato ya rufe ƙofarsa da kyau kafin ya aiko. Ni na yagi takardar kayena, littafin rubutun makaranta, na tauna, na toshe ramukan. Ba kuskuren hannu ba ne. Da haƙorina na yi shi.

Wata biyu na yi ina sarauta. Kaset a aljihu, ana neman aro a wurina, har an fara kirana cikin fili in an sa kiɗa. Sai wata rana da hantsi aka fiddo ni daga aji, na tarar da amalanken Baffa a bakin ƙofa. Baba ne ya rasu. Zazzaɓi ne, kwana biyar, an binne shi can Libiya. Ba gawa, ba kabarin da za a je, ba hoto, don hotonsa ɗaya ne kuma yana jikin takardunsa. Duk tsawon hanya abin da ke aljihuna yana ƙona mini cinya. Da na isa, na jira Inna ta fita alwala, na mayar da shi cikin kallabin.

Ranar sadakar arba'in, da safe, bayan an yi addu'a an raba gumba, Baffa ya share hawaye da bakin rawaninsa ya ce: «A ɗauko mana kaset ɗin nan, mu ji muryar ɗan'uwana.» Da ƙasa za ta tsage da na shige. Aka kawo rediyo aka aje a tabarma gaban liman, aka sa pil sabbi. Inna tana daga bakin ɗaki cikin mayafin takaba. Baffa ya yi bisimilla ya danna.

Ganga ta tashi a gidan makoki. Sai siririyar muryar nan ta biyo baya tana ihu. Liman ya miƙe har da tuntuɓe da butarsa, wata tsohuwa ta rafka salati, ƙanwata mai shekara uku ta tashi ta fara rawa, aka kai mata duka. Baffa ya kashe, ya juya kaset, ya sake dannawa. Wata waƙar ce. Na zauna cikin samari ina zare ido kamar kowa.

Baffa ne ya cece ni, bai sani ba. Ya jujjuya rediyon ya ce: «Wannan aikin akwatin nan ne. Wani ya taɓa jan maɓallin nan yana kama tashar Najeriya, shi ke nan ya haɗiye waƙarsu ya ɗora a kan magana.» Kowa ya gyaɗa kai. Aka tsine wa rediyo, aka tsine wa tashoshin Najeriya, aka watse. Ni kaɗai a wurin na san ba haka kaset ke aiki ba, don ni ne ɗan boko. Har juyowa aka yi aka tambaye ni ko hakan na faruwa. Na ce yana faruwa.

Washegari da la'asar ina zaune bayan ɗakin Inna, sai na ji kiɗan ƙasa-ƙasa ta cikin bango. Ba ta kashe ba. Ta bar shi yana ta tafiya har maɓalli ya yi tsalle da kansa, ta juya, ya ci gaba. Ban san me take nema ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. Waƙar ƙarshe ta ƙare, aka yi shiru mai ɗan huci, sai na ji tari. Tarin Baba ne. Ashe waƙoƙin sun ƙare kafin zare ya ƙare, abokina ya kashe, ragowar ta tsira. Abin da ya rage bai kai minti ɗaya ba, kuma nata ne, don al'ada ta sa ta a ƙarshe.

«Sai ke da ke cikin ɗaka. Na san kina ji, kina yi kamar ba ki ji. Zanen nan naki ne, kar ki yanka wa yara. Ki riƙa cin abinci. In Allah ya yarda kafin shuka ina gida.» Sai wani daga bayansa ya ce: «Kai, faɗi sunanta mana!» Baba ya yi dariya, zare ya ƙare.

Ban taɓa jin kukan Inna ba sai ranar, ko a ranar da labari ya zo ba ta bari an ji ba. Na tashi na tafi gona, ba tare da akwai aikin da zan yi a can ba.

Daga nan ya zama aikinta na kowace Juma'a, in maza sun tafi masallaci. Ta saki labule, ta sa gefen farko ya tafi har ƙarshe, ta juya, ta zauna har na biyu ya kai ta inda take so. Sa'a guda ta kiɗan rawa saboda magana biyar da dariya. Akwai hanya mai sauƙi, kowane ɗan kwalej ya sani: ka naɗe zaren da bik ɗin da kake rubutu da shi, ko ka sa gefen farko minti ɗaya ka juya. Da ƙanwata ta girma ta nuna mata, Inna ta fizge abinta. Ta ce ita ba a tsayar mata da kaset a tsakiya, ba a cusa masa tsinke, a bar shi ya kai inda zai kai da ƙafarsa. Tsoro take kada zaren ya naɗe. Ni kuwa ban taɓa nuna mata komai ba, don ban taɓa furta kalmar kaset a gabanta ba.

Haka Inna, wadda ba ta taɓa taka rawa ko a bikin ɗiyarta ba, ta haddace waƙoƙin Baturiyar nan kaf. Har sunaye ta sa musu. Akwai «mai tafi», akwai «mai kukan jariri», ta ƙarshe kuma «an kusa». Wani lokaci in tana surfe sai ka ji taɓaryar ta kama bugun waƙa ta uku, ita ba ta sani ba. Gari ƙarami ne, magana ta zaga: wai bazawarar gidan wane tana kulle kanta ranar Juma'a tana jin kiɗan Nasara. Har wani malami ya zo zaure ya yi wa Baffa wa'azi a kanta. Ba ta kare kanta ba. Mace irinta ba za ta buɗe baki ta ce mijinta take saurare ba, ta gwammace a ce ta lalace. Duk wannan ina ji, ina gani, na yi shiru.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta kallon tsakiyar idona. Tun da na zama malamin makaranta take ce mini «Mushe» kamar yadda kowa ke faɗi. Mutane suna yaba irin wannan kunyar, ni kuwa ɓuya na yi a bayanta fiye da shekara talatin. Tunda ba ma magana, ba sai na faɗi komai ba. Abin da na iya shi ne saye. Rediyon Baba ya mutu na kawo wani, wannan ya mutu na kawo wani, pil kuwa ba ta taɓa yankewa a ɗakinta ba. Ana cewa ga ɗa mai kula da uwarsa. Ina jin haka sai in ji kamar in yi amai.

Bara ƙanwata, wadda ke aure a Sassumbrum, ta kira ni a waya. Ta ce ta je gida ta ji kaset ɗin, muryar Baba ta fara ja kamar mai barci, zaren ya tsufa, in ba a yi wani abu ba zai tafi. Ta ce yanzu ana juye irin waɗannan a kart memwar, ɗan katin nan na cikin waya, a sa a ƙaramin rediyo, ba naɗewa ba tsinkewa. Ita ta shawo kan Inna, ta yi mata rantsuwa kwana ɗaya kawai zai yi a waje. Da na zo karɓa, Inna ba ta miƙo mini a hannu ba. Ta aje kallabin a bakin tabarma ta kau da kai, ta ce wa bango: «A kula da shi.»

A tashar Magarya akwai wani mai tura waƙoƙi a waya, magidanci ne, yana da tsohon rediyon kaset haɗe da ordinater, wato kwamfuta. Na tarar da rumfarsa cike, har da iyayen ɗalibaina biyu suna cajin waya. Ga ni da furfura a gemu, direktan makaranta, zan fito da kaset ɗin rawa daga cikin kallabin mace. Abin da ya kamata in faɗa bai fi numfashi ɗaya ba: akwai muryar mahaifina a ƙarshen gefe na biyu, ita nake so, waƙoƙin ba su dame ni ba. Amma da na faɗi haka, wani zai tambaya yadda aka yi waƙa ta hau kan muryar mamaci. Sai na miƙa na ce: «A juye mini wannan duka.» Na ce ina da taro a ofishin insfekta, zan dawo. Taron gaskiya ne, amma ba wanda zai mutu in na makara.

Da azahar na dawo, ya tarbe ni da fara'a.

«Mushe, ashe kai ma ɗan gayu ne a zamaninka! Wannan kiɗa ai ba ya mutuwa, kullum sai an tambaye ni shi. Amma kaset ɗinka ya gaji. Ina sawa, ko waƙar farko ba ta yi nisa ba, inji ya cafke zaren ya tauna.»

Na ce: «Ya tauna ina?»

«Daga farko-farko ne kawai, kar ka damu. Na yanke wurin da ya cukurkuɗe, bai fi kamu huɗu ba, na manne da sikoc. Yana yi yanzu. A kart kuma na sa maka nawa, garau, ba huci ba komai. Ka ji ma.»

Ya danna, gangar nan ta cika rumfa, wani a bayana ya fara kaɗa kai. Zaren kaset ɗaya ne, farkon wannan gefe shi ne ƙarshen wancan. Kamu huɗun da ya yanke daga farkon waƙar farko, a bayansu Baba yake. Na tambaye shi ina guntun. Ya nuna bakin hanya da haɓa, ya ce an yi shara. Na durƙusa a gaban jama'a ina tona bola da hannu, ledoji da ɓawon rake da kashin awaki, mutane suna tambaya ko kuɗi na yar. Ban samu ba. Kuma ban iya ko zagin mutumin ba. Aikinsa ya yi, har da kyautatawa. Abin da ban gaya masa ba, ba zai sani ba.

Ranar Juma'a na hau moto, babur ɗina, na tafi gida. A hanya na shirya magana kala-kala, ina isa ƙofar ɗakinta duk suka zube. Na aje kallabin inda ta aje mini. Ta lalubo shi, don idonta ya yi rauni, ta shafa kaset ɗin ta sa a rediyo. Maza sun tafi masallaci, ni ban tafi ba. Na zauna a dokin ƙofa. Ba ta ce in shigo ba, ba ta ce in tafi ba.

Wannan ne karo na farko da na zauna na ji shi tare da ita. Sa'a guda. «Mai tafi» ta wuce, «mai kukan jariri» ta wuce, ta juya kaset da hannunta. Kuma Allah ya sani, a tsakiyar wannan tashin hankali babban ɗan yatsan ƙafata yana bin ganga, sai da na danne shi da ɗayar ƙafar. Da «an kusa» ta fara, Inna ta gyara zama, ta ja mayafi ta rufe kanta sosai, yadda mace ke yi in ta ji sallamar mai gida. Waƙar ta ƙare. Aka yi ɗan huci. Maɓalli ya yi tsalle.

Ta jira, kanta a karkace wajen rediyon. Ta kai hannu ta taɓa maɓallin, ta ji ya tashi. Na buɗe baki na fara, wai inji ne, wai mutumin bai sani ba, wai zaren ya tsufa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Sai ta juyo ta dube ni a ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba.

«Mushe, wancan karon na ga takardar da aka tauna a ramin, da layin makaranta a jikinta. Na cire da allura na ce yarinta ce. Wannan karon me zan ce?»

Ba ta jira ba. Ta mayar da fuskarta bango, ta ce in juya mata kaset ɗin kafin in fita.